Na'urar Farfaɗo da Zuciya da Matsayin Mai Ceto a Gaban Doka

Gabatarwa

Wata ranar Asabar da hantsi, a lokacin da zafin bazara ya fara kankama, ina tsaye a bakin titin Kachiya kusa da kasuwar Sabon Tasha ina jiran motar shiga gari, sai wani magidanci da shekarunsa ba za su wuce 50 ba, wanda ya gama cinikin doya ke nan, ya sunkuya zai ɗauki kayansa, ya yanke jiki ya faɗi. Kafin ka ce kwabo jama'a sun kewaye shi. Wata mai sayar da ruwan leda ta kwarara masa ruwa a ka, wani ya cire hula yana yi masa fifita, wani yana kiran a kawo albasa a shaƙa masa, saura kuwa suna ta addu'a, kowa bisa ga addininsa. Da na kutsa na durƙusa, na ga ba ya numfashi, sai na ɗora hannuwana a tsakiyar ƙirjinsa na fara dannawa kamar yadda aka taɓa koya mana. Ban daɗe da farawa ba wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ɗan'uwanka ne? To, in ba ɗan'uwanka ba ne ka ɗauke hannunka, kada gobe a ce kai ka kashe shi." Mai Keke Napep na farko da aka tsayar shi ma cewa ya yi, "In ya cika a cikin kekena, wa zai je ya yi belina?" Na yi ta dannawa har hannuwana suka mutu, ban sami wanda zai karɓe ni ba. Da ƙyar aka sami mai mota ya ɗauke shi, daga baya na ji labarin ko da aka isa asibiti rai ya riga ya yi halinsa.

Ban ga laifin dattijon nan ba, domin abin da duniya ta koya masa ne ya faɗa mini. Amma maganar tasa ta tsaya mini a rai. A wannan maƙala ina so in bayyana wa mai karatu abin da ke faruwa a jikin mutumin da ya faɗi irin wannan faɗuwa, da na'urar da aka ƙera domin ceton irinsa, sa'an nan mu duba yadda dokokin ƙasashe suka tanadi wannan na'ura a wuraren taruwar jama'a suka kuma kare wanda ya miƙa hannun taimako, da inda namu dokokin suka tsaya.

Zuciya da Lantarkinta

Zuciyar ɗan Adam tsoka ce mai girman dunƙulen hannunsa, mai ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Takan buga kamar sau 100,000 a kowace rana, tana tura jini kimanin lita 5 a minti ɗaya idan mutum yana hutawa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, zuciya tana da nata lantarkin. A bangon ɗakin sama na dama akwai wani ɗan ƙullin ƙwayoyin halitta wanda ke fitar da siginar lantarki sau 60 zuwa 100 a minti. Siginar takan bazu cikin ɗakunan sama, ta ɗan dakata a wata mahaɗa, sa'an nan ta gangara ɗakunan ƙasa, waɗanda su ne ke matsewa su tura jini zuwa huhu da sauran sassan jiki.

Duk wanda ya taɓa zuwa gayya zai fahimci wannan tsari cikin sauƙi. Manoma sun jeru a kunya, makaɗi yana kaɗa gangar noma, fartanya tana tashi tare tana sauka tare, aiki yana ci gaba. Ƙullin nan shi ne makaɗi, miliyoyin ƙwayoyin tsokar zuciya kuma su ne manoma. To, akwai ranar da kiɗa kan ruɗe, kowane manomi ya shiga sara yadda ya ga dama, ƙura ta tashi, amma kunya ko ɗaya ba ta nomu ba. Haka ke faruwa idan lantarkin ɗakunan ƙasa ya hargitse: zuciya sai ta shiga karkarwa maimakon bugawa, jini ya daina gudana, cikin daƙiƙu kaɗan mutum ya fita daga hayyacinsa. Wannan shi za mu kira karkarwar zuciya.

Ya kamata a bambance abubuwa biyu da Bahaushe kan haɗa ya kira su bugun zuciya. Na farko shi ne toshewar jijiyar da ke ciyar da tsokar zuciya da jini. Mai wannan yakan ji ciwo a ƙirji, ya yi gumi, amma yana numfashi yana magana. Na biyu shi ne tsayawar zuciya farat ɗaya, inda mutum zai faɗi, ba ya amsa kira, ba ya numfashi, ko kuma yana wani irin gasping na shaƙuwa jefi-jefi wanda ba numfashin gaske ba ne. Na farkon yana iya haifar da na biyun. Haka kuma hawan jini da ya daɗe ba a kula da shi ba, da kumburin tsokar zuciya, da jan wutar lantarki, da wasu cututtukan gado, duk suna iya kai mutum ga wannan hali. Ba baƙin abubuwa ba ne a wurinmu. Hawan jini ya zama ruwan dare a tsakanin manyanmu, ciwon zuciyar masu jego kuwa likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun yi rubuce-rubuce a kansa tun cikin shekarun 1970.

Babban abin lura a nan shi ne lokaci. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiyar iskar shaƙa, saboda haka bayan minti 4 zuwa 6 da yankewar jini ƙwayoyinta sukan fara mutuwa. Masana sun ƙiyasta cewa duk minti ɗaya da ya wuce ba a yi wa mai karkarwar zuciya komai ba, damar rayuwarsa takan ragu da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Idan aka kai minti 10, da wuya a same shi. Yanzu mai karatu ya auna da kansa: daga kasuwar Sabon Tasha a bi ta Television da Barnawa, a haye kogin Kaduna zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, a cikin cunkoson safiya, minti nawa ne? Ko asibitocin da suka fi kusa, irin su babban asibitin gwamnati na Sabon Tasha ko na Saint Gerard da ke Kakuri, kafin a gama shawara, a sami mota, a isa, lokacin ya ƙure. Ashe ke nan ba likita ne zai fara ceton wannan mutum ba, sai wanda Allah ya sa yana tsaye kusa da shi.

Asalin Na'urar da Yadda Take Aiki

A shekarar 1899 wasu masana biyu a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan, Prevost da Batelli, suka gano a jikin karnuka cewa ƙaramar wutar lantarki tana jefa zuciya cikin karkarwa, babba kuma tana tsayar da karkarwar. Sai a 1947 wani likitan fiɗa a Amurka, Claude Beck, ya yi nasarar jarraba wannan a kan ɗan Adam, wani yaro ɗan shekara 14 da ake yi wa aiki ƙirjinsa a buɗe. A 1956 Paul Zoll ya nuna ana iya aika wutar ta saman fata ba tare da an tsaga ƙirji ba. A 1960 Kouwenhoven da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins suka bayyana amfanin danna ƙirji da hannu. Sa'an nan a 1965 Frank Pantridge na birnin Belfast ya harhaɗa na'urar da za a iya sa wa a mota a kai wa majinyaci, wadda ke aiki da batirin mota, nauyinta ya kai kilo 70. Jikanyar wannan na'ura ita ce muke magana a kanta yau, wadda Turawa ke kira difibirileta, ake kuma taƙaita sunan mai sarrafa kanta da haruffan AED. Nauyinta bai fi kilo 2 zuwa 3 ba, girmanta kamar jakar ɗan makaranta.

Mutane sukan zaci na'urar tana tayar da zuciya ne kamar yadda ake tura motar da batirinta ya mutu. Ba haka ba ne. Abin da take yi shi ne ta daka wa manoman nan tsawa guda ɗaya, kowa ya tsaya cik, domin a sake jin gangar makaɗi. Wato wutar takan tsayar da dukkan ƙwayoyin tsoka a lokaci ɗaya, ƙullin nan na ɗakin sama ya sami sararin karɓar ragamarsa. Shi ya sa na'urar ba ta da amfani idan lantarkin zuciya ya riga ya mutu murus, kuma shi ya sa ake gaggawa, domin karkarwa ba ta daɗewa kafin ta koma shiru.

Hikimar da ke cikin na'urar zamani ita ce, ba mai amfani da ita ne ke yanke shawara ba. Da an buɗe ta sai ta fara magana, ta ce a manna faifai biyu masu danƙo a ƙirjin majinyaci, ɗaya a ƙarƙashin ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen haƙarƙari na hagu. 'Yar kwamfutar da ke cikinta za ta karanta lantarkin zuciya. In ta ga irin hargitsin da wuta ke gyarawa, sai ta ce kowa ya janye, a latsa maɓalli. In ba ta gani ba, ko an latsa ba za ta saki wuta ba. Saboda haka wanda ya suma don yunwa ko farfaɗiya ba zai cutu ba idan aka manna masa ita bisa kuskure. Bugu da ƙari da batirinta take aiki, ɗauke wuta bai shafe ta ba.

An jarraba wannan a hannun mutanen da ba ma'aikatan lafiya ba. A wani bincike da aka buga a shekarar 2000, an koya wa masu gadin gidajen caca a Amurka amfani da na'urar. Daga cikin masu karkarwar zuciya da aka ga faɗuwarsu aka kuma ba su wuta cikin minti 3, kashi 74 cikin 100 sun fita asibiti da ransu. Waɗanda aka wuce minti 3 kuwa, kashi 49 ne. Wani babban bincike na 2004 a Amurka da Kanada ya kwatanta wuraren da aka koya wa 'yan sa kai danna ƙirji kaɗai da wuraren da aka haɗa musu da na'ura: mutum 15 suka rayu a rukunin farko, 30 a na biyu.

Masu sha'awar ƙwallon ƙafa sun ga wannan bambanci da idonsu. Ranar 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Surulere a Legas ana tsakiyar karawa da Angola, bai sake tashi ba. Marc-Vivien Foe na Kamaru ya faɗi a birnin Lyon a watan Yunin 2003, Chineme Martins na ƙungiyar Nasarawa United kuma a Lafiya a watan Maris na 2020, dukkansu suka rasu. Amma ranar 12 ga Yuni, 2021, da Christian Eriksen na Danmak ya faɗi a Kwapanhagan, nan take aka danna ƙirjinsa aka ba shi wuta a cikin fili, ya farfaɗo, a shekara mai bi ma ya koma taka leda. Ba kowace faɗuwa ce na'ura ke iya warkarwa ba, sai dai inda babu ita, babu ko damar jarrabawa.

Tambayoyi Uku da Doka ke Amsawa

Samuwar na'ura a kasuwar duniya bai isa ba. Duk ƙasar da ta ci moriyarta sai da dokokinta suka amsa tambayoyi uku: wa aka yarda ya yi amfani da ita, ina ya wajaba a ajiye ta, kuma mene ne matsayin wanda ya yi ƙoƙarin ceto idan abin bai yi kyau ba.

Tambaya ta farko ta taso ne domin a ƙasashe da dama ba wa mutum wutar lantarki a ƙirji aikin likita ne, wanda ba likita ba in ya yi ya karya doka. A Japan haka abin yake har zuwa lokacin da Yarima Takamado, ɗan gidan sarautar ƙasar, ya faɗi yana wasan motsa jiki a watan Nuwambar 2002 ya rasu sakamakon karkarwar zuciya. A watan Yulin 2004 hukuma ta halatta wa kowa amfani da na'urar, kuma a yau Japan tana cikin ƙasashen da suka fi yawanta a tashoshin jirgin ƙasa da makarantu. Faransa ta yi irin wannan halattawa da wata doka ta ranar 4 ga Mayu, 2007.

Game da tambaya ta biyu, jihar Fulorida ce ta fara kafa cikakkiyar dokar sa na'urar a hannun jama'a a Amurka a 1997, sauran jihohi suka bi sahu. A shekarar 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar tarayya da ta nemi a tsara ajiye ta a gine-ginen gwamnati, daga 2004 kuma aka wajabta ta a manyan jiragen saman fasinja na ƙasar. Faransa a 2018 ta wajabta wa wuraren da ke karɓar jama'a su mallake ta, su kula da lafiyarta, a kuma shigar da inda take cikin wata rajista ta ƙasa baki ɗaya. Italiya ta yi tata dokar a 2021.

Tambaya ta uku ita ce ta dattijon Sabon Tasha. Dokokin da ke amsa ta ana kiran su dokokin Basamariye mai kirki, sunan da aka aro daga misalin da ke cikin Linjilar Luka, na matafiyin da ya tsaya ya taimaki wanda 'yan fashi suka raunata bayan wasu sun ratse sun wuce. Jihar Kalifoniya ce ta fara irin wannan doka a 1959. Ginshiƙinta shi ne: wanda ya ba da taimakon gaggawa da kyakkyawar niyya, ba don a biya shi ba, ba za a ɗora masa diyyar ɓarnar da ta auku ba, sai fa in ya yi mummunan sakaci ko ganganci. Danna ƙirji yakan karya haƙarƙari, musamman ga tsofaffi. Irin wannan doka ta ce ba a bin mai ceto kuɗin haƙarƙari. Har ila yau doka takan ɗauka cewa wanda ba ya cikin hayyacinsa ya yarda a taimake shi, tun da ba shi da bakin ba da izini.

Yadda aka rubuta doka ma abin kula ne. A 2008 kotun ƙoli ta Kalifoniya ta yanke hukuncin cewa wata mata da ta janye ƙawarta daga motar da ta yi hatsari, ƙawar kuma ta shanye, ba ta cikin kariyar dokar, wai domin janye mutum daga mota ba aikin jinya ba ne. Sai da majalisar jihar ta gyara lafazin dokar a 2009. A ƙasar Sin, bayan abin takaicin da ya faru a birnin Foshan a 2011, inda mota ta take wata yarinya 'yar shekara 2 mutum 18 suka wuce ta ba wanda ya tsaya, an sa wani sashe a dokar da ta fara aiki a watan Oktoban 2017 wanda ya wanke mai ceto daga biyan diyya. Faransa kuwa ta bi ta wata hanya dabam tun da daɗewa: a can ƙin taimakon wanda ke cikin hatsari, alhali kana iyawa ba tare da ka jefa kanka cikin hatsari ba, laifi ne da ke iya jawo ɗaurin shekara 5.

Amma ƙasar da halinta ya fi kama da namu ita ce Indiya. A can ma abin da ke hana mutane taimako ba tsoron ƙarar diyya ba ne kamar na Amurka, tsoron ofishin 'yan sanda ne da kuɗin asibiti da zaryar kotu. A watan Maris na 2016 kotun ƙolin ƙasar ta ba wasu ƙa'idoji ƙarfin doka: wanda ya kai mai rauni asibiti ba za a tilasta masa faɗin sunansa ba, ba za a tsare shi ba, ba za a nemi ya biya kuɗin jinya ba, in kuma ya yarda ya ba da shaida, sau ɗaya za a yi masa tambayoyi. A 2019 aka shigar da wannan kariya cikin dokar zirga-zirgar motoci.

Inda Dokokinmu Suka Tsaya

Nijeriya ta gaji tsarin shari'ar Ingila, wanda bai wajabta wa mai wucewa ya ceci wanda ba shi da alaƙa da shi ba. Duk da haka akwai dokokin da suka taɓo wannan fage. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta mai da ƙin karɓar wanda ya yi hatsarin mota laifi a kan asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba da jinyar gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Wannan doka ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗinsa domin jinyar gaggawa, wanda da shi ne aka ƙaddamar da shirin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa a Abuja a 2022.

Sai kuma dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ƙarshen 2017, wadda ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba, ya sanar da 'yan sanda cikin awa 2 da fara jinya. A cikin wannan doka akwai wani sashe mai muhimmanci ga batunmu, wanda ya ce a mutunta duk wanda ya taimaki mai raunin, kada a dame shi da tambayoyin tozarci marasa dalili. Wannan shi ne abin da ya fi kusa da dokar Basamariye a cikin waɗannan dokoki, amma ga mai raunin harsashi aka yi shi. Magidancin da ya faɗi a kasuwa ba harbinsa aka yi ba, ba kuma mota ce ta buge shi ba.

Idan muka tattara, za mu ga dokokin nan sun fi mai da hankali a kan ƙofar asibiti, alhali mai tsayawar zuciya a bakin titi ake rasa shi. Babu ɗaya daga cikinsu da ta ce a ajiye na'urar farfaɗo da zuciya a kasuwa ko tasha, ko ta fayyace wanda ya halatta ya taɓa ta. Gaskiya ne tsarin dokar laifuffuka na Arewa, tun daga wanda ya fara aiki a 1960, yana la'akari da niyya da kuma kulawar da mutum ya yi kafin a ce ya aikata laifi, don haka da wuya kotu ta kama wanda ya danna ƙirjin mutum domin ceton ransa da laifin kisa. Sai dai talaka ba hukuncin alƙali yake gudu ba. Abin da yake gudu shi ne kwana a bayan kanta, da kuɗin beli, da asarar cinikin mako guda kafin gaskiya ta fito. Muddin ba a rubuta kariyar ɓaro-ɓaro ba, aka kuma sanar da ita ga ɗan sandan da ke kan tebur da ɗan kasuwar da ke rumfa, mutane za su ci gaba da cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da Ya Kamata a Tanada

Sha'anin lafiya yana cikin abubuwan da jiha ke da ikon yi wa doka, kuma jihar Kaduna ta sabunta dokar laifuffukanta a 2017, saboda haka ba dole sai an jira Abuja ba. A ganina dokar da za ta amfani mutumin Sabon Tasha ko Unguwar Boro ko Kawo tana buƙatar ta ƙunshi waɗannan abubuwa. Ta faɗa a sarari cewa kowane mutum yana iya danna ƙirji ya kuma yi amfani da na'urar, ko an horar da shi ko ba a horar ba. Ta wanke mai ceto daga tuhuma da diyya in ba ganganci ya yi ba, ta hana tsare shi ko tilasta masa biyan kuɗin asibiti, ta kuma haɗa da direban da ya ɗauki majinyaci. Ta kare mai wurin da ya sayi na'urar ya ajiye, matuƙar yana kula da ita, domin kada tsoron ƙara ya hana masu hali saye. Ta wajabta ajiye ta a wuraren da dubban mutane ke taruwa, a fara da filin wasa na Ahmadu Bello, da filin jirgin sama, da tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, da manyan kasuwanni da tashoshin mota da manyan makarantu. Daga ƙarshe ta ɗora wa wani takamaiman mutum alhakin duba batiri da faifan mannawa, waɗanda ke lalacewa bayan 'yan shekaru, musamman a zafi irin namu, a kuma hana kulle na'urar a ofishin da mai mabuɗinsa ya tafi gida.

Wani zai ce ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kashe yaranta ina ita ina na'urar da kuɗinta ya haura dala 1,000? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma dole a yarda cewa wanda aka farfaɗo da shi yana buƙatar mota da asibitin da zai ci gaba da kula da shi, in ba haka ba an yi aikin baban giwa. Shi ya sa ban ce a sa ta a kowane lungu ba. Amma kariyar mai ceto ba ta cin ko kwabo, kuma amfaninta ya shafi mai hatsarin babur da mai naƙuda da wanda ruwa ya ci. Koyar da danna ƙirji a makarantun sakandare, da ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa, da 'yan agajin masallatai da majami'u, shi ma bai fi ƙarfinmu ba.

Kammalawa

Kafin doka ta zo, ga abin da mai karatu zai riƙe. In ka ga mutum ya faɗi, ka dafa kafaɗarsa ka kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, ka nuna mutum guda ka ce ya kira lambar gaggawa ta 112 ya kuma nemo mota, wani kuma ya nemo na'ura in akwai ta a kusa. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora tudun tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a bisa, ka danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kana barin ƙirjin ya taso bayan kowace dannawa. Kada a ba shi ruwa, kada a cusa masa cokali a baki, kada a zaunar da shi. A riƙa karɓeɓeniya duk bayan minti 2, domin hannu yana gajiya da sauri. In mace ce ta faɗi, hukuncin ɗaya ne. Mata su matso su yi, in babu su namiji ya yi, domin kunya ba ta kai rai ba. Danna ƙirji ba ya gyara karkarwa, amma yana tura ɗan jini zuwa ƙwaƙwalwa, yana kuma iya ninka damar rayuwa sau biyu ko uku kafin taimako ya iso.

Mun yi imani cewa rai da ajali a hannun Allah suke, kuma addinan da mutanen Kaduna ke bi duka sun girmama ceton rai. Mutanen da suka kewaye magidancin nan a Sabon Tasha ba marasa tausayi ba ne. Da ba su da tausayi da ba su tsaya ba. Abin da suka rasa shi ne sanin abin yi, da kayan aiki, da tabbacin cewa alherinsu ba zai zame musu jidali ba. Na farko aikinmu ne mu malamai, na biyu da na uku kuwa suna jiran 'yan majalisar dokoki da ke zama a zauren Lugard.